Shirin Obadiya Ya Nemi Magaji

Shekarar da aka yanke jihar Katsina daga Kaduna, takardar canjin aiki ta iske Malam Obadiya a Dutsin-Ma. Malamin lissafi ne, mutumin kudancin Kaduna, an ce ya tattara ya koma gida. Kowa na jajanta masa wahalar ƙaura, shi ko gogan naku hankalinsa na kan kaset.

Ba kaset ɗin waƙa ba ne. Wasu malamai ne suka haɗa ƙungiya, kowa ya rubuta shirin kwamfuta kyauta, irin ƙaramar kwamfutar nan da ake jonawa da talabijin. Duk zango sai a tara shirye-shiryen a kaset ɗaya a Zariya, a raba wa makarantu. Dokarsu guda ce: shirin da ba shi da mai kula da shi yana gyarawa, a jefar da shi. Na Obadiya yara yake koya wa lissafi, kuma ƙauyen da aka tura shi ko lantarki babu.

Sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je wa Malam Labaran ya karɓi shirin, shi ko ya ce masa da wane lokacin? Ya je wa Malam Rabo, wannan ko kunna injin bai iya ba, sai cika baki. Kai, aikin sa-kai! Kowa na son romo, ba mai son hura wuta.

Ana gobe motar kaya za ta zo, ya hau babur sai Kurfi, wurin Malama Saudatu, tsohuwar ɗalibarsa da ke koyarwa da shirin. Ba ta taɓa kawo masa ƙorafi ba, shi ya sa ma ya manta da ita.

Ya tarar yara sun yi cincirindo gaban talabijin. Ya tsaya daga baya yana jiran wurin da shirin ya saba cijewa, wurin da ya shekara yana cewa gobe zai gyara. Shiri ya wuce sumul.

"Malama, wa ya taɓa wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Malam. Tun bara."

"Tun bara! Makarantu suna ta fama da mai cijewa, gyara na nan kwance a Kurfi? Me ya hana ki aiko?"

"Haba Malam, in aika Zariya a ce na ga kuskurenka? Da wane idon zan dube ka?"

Haushi ya kama shi, daɗi ya kama shi, ga wani kishi da bai yi zato ba. Ya ja kujera ya buɗe shirin, ya bi shi layi-layi. Rabinsa ba hannunsa ba ne, kuma wallahi ya fi nasa tsabta. A layin farko kuwa sunansa na nan daram: mai kula, Obadiya.

"Sa sunanki nan, mu aika yau."

"Kana raye? A'a, Malam. Ba zan goge ka ba."

Ya roƙa, ya yi faɗa, ta ƙi ko matsowa.

Sai ya ɗora yatsa a maɓalli, ya share sunansa harafi-harafi har layin ya zama wayam. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"To, yanzu maraya ne. In kin bar shi haka, Zariya za su jefar."

Yana tada babur a waje ya ji an ja kujera.