Shaƙuwar Motar Baba Sito

"To, ga ta nan a kunne. Sai ta yi mu ji," in ji bakaniken da ake kira Mai Kunne, ya jingina da ƙofar motar yana goge hannu da tsumma.

Motar ba ta yi ba. Injin sai kaɗawa yake lafiya lau, alhali ta ci kilomita dubu ɗari huɗu da ɗoriya. Baba Sito ya riƙe ƙugu yana hararar ta. Wata biyu ke nan tana yi masa wannan iya shegen. Yana cikin tafiya sai ta yi shaƙuwa, ta ɗauke numfashi, ta fizge shi gaba, sannan ta miƙe kamar ba ita ba. Wata rana sau biyar, wata rana ko sau ɗaya. Amma da an shigo gareji sai ta zama saliha.

Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka canja. Na biyu ya ce famfon mai ne, shi ma aka canja. Na uku ya zaga gari da ita awa guda, ya dawo ya dubi Baba Sito sama da ƙasa, ya ce, "Baba, anya kuwa?" Wannan anya ita ta tsaya masa a rai.

Ita ma 'yarsa ta fari maganar ta tsaya mata a rai. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, kuma da alama ta ɗauki sunan da gaske. Nas ce, ba ta dubi mota ba, ƙafarsa ta dama ta duba. Ta ce mutum mai shekara saba'in da biyu ƙafarsa kan yi rawa a kan totur bai sani ba. Sun yi ta ja-in-ja har suka tsaya a kan magana ɗaya: Mai Kunne ne na ƙarshe. In bai ga komai ba, Baba zai ba ta makulli ya bar tuƙi. Ga ta nan zaune a benci da farin takalminta na aiki, ta haɗe hannu tana jira.

Mai Kunne ya riga ya fita da motar sau biyu, ya hau tudu ya gangara, ya bi gargada, bai ji komai ba. Sai ya koma tambaya.

"Baba, da safe ta fi yi ko da rana?"

"Da safe. A'a, ranar Talata da yamma ta yi."

"In inji ya yi zafi, ko yana da sanyi?"

"Duka."

"Tanki a cike ko ya yi ƙasa?"

Jiya da a ce an tambayi Baba Sito, da rantsuwa zai yi a cike take yi. Yanzu kuwa ya rasa. Ran da ta yi a gaban masu katako, ya sha mai kafin nan ne ko bayan nan? Ranar ce ma ta yi, ko washegari?

"Wa ke tuƙa ta ban da kai?"

"Mijin wannan ya ɗauke ta kwana biyu," ya ce, ya nuna 'yar tasa da haɓa.

"Ta yi masa?"

"Ba ta yi ba," in ji Uwata, a hankali.

A can gefe wani yana bugun bodin mota da guduma. Baba Sito ya sunkuya ya dubi ƙafarsa a cikin takalmi. Tsaye take cak. To amma shi ma injin ai cak yake in ana kallonsa. Karo na farko tsoro ya kama shi sosai, ya ji watakila yarinyar nan tana da gaskiya.

Mai Kunne ya kashe motar, ya zare makullin ya miƙa masa. "Baba, tunda a hannunka take yi, kai za ka tuƙa. Ni fasinja ne. Hajiya, ki shiga baya ki kalli ƙafar, ni in saurari inji. Kowa da majinyacinsa."

Baba Sito ya laluba aljihun riga ya ciro damin makullansa, ya sa farce ya buɗe zoben, ya mayar da makullin motar cikin 'yan uwansa, ya shiga ya tayar.

Sun wuce kasuwar katako lafiya. Suna hawa hanyar da kwalta ta farfashe sai ga ta: motar ta ɗauke wuta, ta fizga, ta dawo. Baba Sito har murmushi ya kusa yi don daɗi.

"Kun ji ko?"

"Na ji," in ji Uwata, ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Kuma ƙafar ba ta motsa ba. Ko ta motsa? Wallahi ban sani ba, ramin ya girgiza mu duka."

Mai Kunne idonsa a rufe yake. "Sake faɗawa rami, Baba. Wancan babban."

Ya faɗa, ta sake yi. Bakaniken ya buɗe ido, bai dubi gaban mota ba, gwiwar Baba ya duba, inda damin makullan ke lilo yana kacau-kacau. Ya miƙa hannu ya tallabe damin a tafinsa. Suka bi ramuka bakwai a jere, shiru. Ya saki. Rami na farko ta yi shaƙuwa.

"Ikon Allah," in ji shi, ya fashe da dariya. "Baba, wannan ai ba makulli ba ne, dutsen guga ka rataya mata. Makunnin motar ya tsufa, cikinsa ya cinye. Nauyin nan in ya yi lilo sai ya janye makullin kaɗan, wuta ta yanke ta dawo. Nawa ne a jiki?"

"Ashirin da uku."

"Duk suna da ƙofa?"

"Wasu ƙofofin an rushe su," Baba Sito ya ce, bai ji kunya ba.

"To me ya sa mu kake ba mu guda ɗaya tal?"

"Ɗana, shekara talatin ina riƙe da siton ma'aikata. Damin makulli ba ya barin jikin mai sito. Wanda aka tambaye ka shi kake cirewa ka bayar."

"Ka ga mu muna ta yi wa mai lafiya magani, cutar tana aljihunka."

A gareji Mai Kunne ya ce sai mako mai zuwa za a samo sabon makunni, kafin nan a riƙa tuƙi da makulli ɗaya. Uwata ta rusuna ta ce, "Baba, ka yafe ni." Ya ce babu komai, amma bai bar ta ta huta ba. Tun daga bakin gareji yake tsokanarta: a asibitin nasu ma haka suke yi, mutum ya zo da ciwon kai su yanke masa ƙafa? Tana dariya tana cewa ta tuba. Rabon da ya ji zuciyarsa wasai haka tun kafin motar ta fara.

Suka iso mararrabar da ke gaban gidan mai, danja ta tsayar da su. Ta ba da hannu, motocin gefe suka wuce, Baba Sito bai motsa ba. Ga kantin magani, ga mai faci da tayoyinsa a tare, ga doguwar katangar makaranta, duk ya san su. Abin da ya ɓace masa shi ne inda gidansa yake. Dama ne ko hagu? Shekara ashirin da shida yana bin nan. Ya dubi dama, hanya ce kawai. Ya dubi hagu, ita ma haka. Na baya suka fara danna hon.

Uwata ta dubi fuskarsa, ta kawar da kai da sauri.

"Ta sake yi ne, Baba?" ta ce. "Ai dama bai canja makunnin ba."

Injin yana kaɗawa sumul, su biyun duk suna jin sa. Da ya ce e, ya san za ta karɓa, har ta nuna masa hanya da hannu kamar ba da gangan ba.

Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa.

"Ba ita ba ce, Uwata," ya ce. "Zagayo ki kai mu gida."