Wayar da Ba Ta Wuce Rumbu

Na'ima ce ta kawo wayar ranar wata Laraba, cikin kwali, ta rungumo ta a bayan mashin tun daga Talata Mafara har nan Birnin Tudu. Na'ima ɗiyata ce ta huɗu, can Mafara take aure, tana kuma koyarwa a makarantar 'yan mata. Ta ce wanta Nasidi ne ya sa a sayo muna, don ya gaji da kirana yana jin wata mata tana ce mashi ba a samuna. Gaskiya tasa. 'Yar wayata ta aljihu ba ta kama sabis sai na hau tudun bayan masallaci na tsaya kamar mai duban wata, ni kuwa gwiwata ta daina son hawa.

Nasidi shi ne ɗanmu na fari. Direban tirela ne, shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune Ibadan.

Da anka buɗe kwalin sai na ga abu biyu. Akwai gindi mai doguwar eriya, nan ake sa sim. Akwai kuma kan wayar, wanda ake ɗauka a yi yawo da shi ba igiya. Na ce to, a ajiye ta ɗakina. Na'ima ta jona, ta duba, ta ce babu sabis. Munka kai ɗakin uwarta, babu. Munka gwada madafi, munka gwada gindin darbejiya, har bisa katangar awaki na ɗora ta ina riƙe da hannu ɗaya, akuya tana cin bakin rigata. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta take. A ƙarshe wuri ɗaya tak ta yarda da shi a duk gidan nan, tagar zaure ta gabas, can sama. Sai da na nemo katako na kafa mata, na buge babban yatsana da guduma har farcen ya yi baƙi. Igiyar solar da ke ba mu fitila kuma ba ta kai ba, sai da na kwance igiyar fitilar bayan gida na ƙara.

"Baba, kullum ka gama magana ka mayar da kan a gindinsa," in ji Na'ima. "Nan yake shan caji."

"Na ji."

"Kuma ba ya nisa da gindin sosai."

"Na ce na ji. Kira shi mu gani."

Ta kira Nasidi, ta miƙo mani. Na kara a kunne, abin da nake ji kamar kukan sauro cikin tulu. Kunnena ya yi nauyi tun bara, ba na son a faɗa. Na'ima ta karɓa ta danna wani maɓalli, sai ga muryar Nasidi ta cika zaure kamar yana durƙushe gabana. Na ce yauwa, haka nake so, a bar ta haka. Ta fito da jan farce daga jakarta ta ɗiga a kan maɓallin, ta ce in waya ta yi kuka shi zan danna.

"Bari in nuna maka yadda ake maida ita ta kunne, Baba, ko da wani zai so magana shi kaɗai."

"Wa zai so magana shi kaɗai a gidana? Ba a ƙus-ƙus nan. Tashi ki kama hanya kar yamma ta yi maki."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Laifin nawa ne, na sani, ba sai an faɗa mani ba.

Wanda bai san gidanmu ba sai ya fara sanin wani abu game da matata Marka. Shekara arba'in da ɗaya da haihuwar Nasidi, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma ita irin ta da ta riƙe. Ana yaye shi tsohuwata ta ɗauke shi ta tafi da shi Damri, can ya girma. In ya zo gida sai ya durƙusa bakin ƙofarta ya ce, "Inna, ina kwana," ita kuwa ta amsa tana kallon bango, kalma ɗaya ko biyu, sa'an nan ta shige ta dama mashi fura ta ba ƙannensa su kai. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ni ban taɓa ganin aibin haka ba. Haka munka taras ana yi, har alfahari nake da ita a cikin raina.

Wata biyu da kafa wayar, Nasidi ya kira ya ce an gano mashi ƙari a ciki, likitoci sun ce sai an yi aiki. An sa aikin ranar Litinin, ƙarfe biyu. Marka tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai don wayar ba ta ɓoye wa kowa komai. Hannunta ya tsaya kaɗan, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Litinin tun da hantsi gida ya cika. Yayana Shehu ya taso daga Damri. Liman Sulaiman ya zo, maƙwabta sunka zo, zaure ya cika har bakin ƙofa. Mata kuma sunka cika tsakar gida wajen Marka. Kowa ya zo ne don alheri, ba na musu.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci wayar ta yi kuka. Na danna mai jan farce.

"Salamu alaikum, Baba."

Kafin in amsa mutum goma sun amsa. Liman ya matso. "Nasidi, ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Ya iyali? Ya baƙunta? Allah shi sa kaffara ne." Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, duk munka shafa. Yaya Shehu ya karɓe, ya gaishe shi tun daga kansa har maƙwabtansa na Ibadan da bai taɓa gani ba, ya tambaye shi ko can an fara ruwa. Yaron yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, don ba a yi mashi tarbiyyar katse manya ba, amma ina jin muryarsa tana sauri.

"Baba," ya ce da ya samu sarari, "sun ce za su karɓe wayar in sun zo ɗaukata. Inna tana kusa? Ina son in ji muryarta. Ina son in roƙe ta gafara."

A rayuwarsa bai taɓa neman haka ba.

Na miƙe da kan wayar a hannu na shiga cikin gida. Yana ta faɗin, "Baba kana ji na? Inna?" murya tana tashi har bisa darbejiya. Matan duk sunka juyo. Marka na jin muryar ta tunkaro ta sai ta ja gyale ta rufe fuska, ta tashi ta nufi ɗakinta. Ɗakinta kuwa shi ne na can ƙurya, bayan rumbun gero. Na ce a raina hakan ma ya yi, can babu kowa. Na bi ta. Ina gilma rumbu muryar ta fara karcewa kamar rediyo lokacin hadari, na ƙara taki uku, ɗif, ta ɗauke.

Na tsaya ina jijjiga abin. Sai a lokacin maganar Na'ima ta dawo mani, wai ba ya nisa da gindinsa. Na komo baya, ina isowa gefen rumbu na wajen zaure ta sake kuka.

"Baba, ta yanke."

"Na sani! Tsaya."

Na leƙa wajen ɗakin na ɗaga murya. "Marka! Fito nan ki karɓi waya."

Na ƙara ɗaga murya.

"Marka, da ke nike!"

Daga bayan labule ta ce, a hankali, "Malam, ga mutane."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na kuwa san ko wuƙa zan sa mata ba za ta tsaya gaban matan unguwa da wan mijinta da liman ta yi hira da ɗanta na fari ba, ana ji har waje. To, sai in kashe wannan amsa-kuwwa, ta kara a kunne ta juya baya ta yi maganarta ƙasa-ƙasa. Na duba maɓallan. Sun fi ashirin, duk ƙanana kamar ƙwayar wake, rubutun kansu na boko. Na danna ɗaya, murya ta ƙara ƙarfi. Na danna wani, ta yi wani ƙiit. Na danna na uku, kira ya yanke.

"Innalillahi! Wane irin shegen abu ne wanga?"

Yaya Shehu ya leƙo daga zaure. "Audu, ka cire gindin mana ka kai mata ɗaki."

"In na cire daga taga babu sabis, Yaya."

"To ka kira ɗiyar da ta kawo shi."

Na lalubo lambar Na'ima a jikin kwali inda ta rubuta, na danna da ƙyar, ina ɓatawa ina sakewa. Wayarta a kashe, tana aji. Na tambayi mutanen zaure ko akwai wanda ya san kan abin. Kowa ya karɓa ya juya ya miƙa wa na kusa. Wani ya ce a cire batir a mayar. Na fizge abina.

Ta yi kuka karo na uku. Ba ni da wani maɓalli da na sani sai mai jan farce, shi na danna.

"Baba, sun kawo gado mai taya. Ma'aikaciyar asibitin ta ce saura minti goma."

"Ƙyale ta, Audu," in ji Yaya Shehu. "Kunya ce, kuma ita ce daidai. Nasidi! Uwarka ta yafe maka, mu mun faɗa a madadinta. Ko ba haka ba, Liman?"

Nasidi ya ce, "To, Baba Shehu. Na gode." Daga yadda ya faɗi wannan "to" ɗin na san ba abin da ya nema ke nan ba.

Na dubi zaure, na dubi tsakar gida. Waya ba ta zuwa ɗaki, murya ba ta raguwa, Marka ba ta fitowa gaban mutane. Abu ɗaya ne ya rage da zan iya matsarwa.

"Jama'a, ku yi haƙuri ku fita."

Ba wanda ya motsa, sun zaci ba su ji daidai ba.

"Na ce ku fita! Maza da mata, kowa da kowa. Liman, gafarta Malam, a yi mani haƙuri, a tashi. Ku kuma ku ɗauki takalmanku a hannu, kwa sa a waje."

"Audu, ni kake kora?" Yaya Shehu ya miƙe tsaye. "Ni? A gidan da ubanmu ya gina?"

"Kai ma, Yaya. Ka yi mani duk hukuncin da za ka yi daga baya."

Shekarata saba'in da biyu ban taɓa ce wa baƙo tashi ba, ranar nan na kori liman da wana da matan unguwa kamar ina korar kaji daga shanya. Da gida ya zama wayam, na jawo turmi na kife shi gefen rumbu, daidai inda muryar ke fita tangaran, na ɗora kan wayar.

"Nasidi, babu kowa. Ni ma fita zan yi." Na juya wajen labule. "Marka, gida ba kowa. Ga ta nan bisa turmi. Kar ki ɗaga ta, kar ki taɓa komai, magana kawai."

Na fita na ja ƙofar zaure. A waje sai na taras da su cirko-cirko jikin katanga, muryar yaron kuwa tana tsallakowa sarai: "Inna? Inna, kina nan?" Na sake kora su gaba, har gindin tsamiyar masallaci. Wata tsohuwa tana cewa Malam Audu ya zautu. Yaya Shehu ko kallona bai yi ba.

Nan na tsaya cikin rana, ban shiga inuwa ba. Ban san ko ta fito ba. Ban san ko tana can bayan labule tana jin shi yana kira har anka karɓe wayar ba. In haka ne, na ɓata da wana, na kunyata liman, kuma yaron ya shiga hannun likitoci da "to" ɗin nan a bakinsa. Na zagi wayar a raina, na zagi kaina da na hana Na'ima ƙarasa maganarta. Anka kira azahar, munka yi salla. Ana sallamewa Yaya Shehu ya nemi mashin ya koma Damri, ko ruwan gidana bai sha ba.

Ni kaɗai na komo. Kan wayar yana nan bisa turmi, shiru, amma an kifa mashi faifai saboda rana. Marka tana durƙushe bakin magudana tana wanke tukunya, ta ba ni baya. Na tsaya ina gyaran murya. Ba tambayar da mutum zai yi wa matarsa ba ce, ban kuma san ta inda zan fara ba.

Ta ɗauraye tukunyar, ta kife. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, wai tun jiya sun hana shi ko ruwa. Haka ake yi?"

"Haka ake yi," na ce, ko da yake ban sani ba.

"Ya ce leɓensa duk ya bushe."

Ta jawo wata tukunyar ta zuba mata toka. Ni kuwa na ɗauki kan wayar na koma zaure, na shimfiɗa buzuna ƙarƙashin taga, na zauna jiran kira daga asibiti.