Allin da Dudley Ya Wanke

Merv Tonkin ya tsaya a bayan tirela yana kallon tayoyi takwas a jere kan ciyawa, baƙaƙe wuluk, sai sheƙi suke yi. Ya duba gefen ta farko, ya duba na ta biyu, ya sake komawa kan ta farkon. Babu ko ɗigon alli.

"Dudley, me ka yi wa tayoyin nan?"

Surukinsa Dudley ya leƙo da burodi da tsiran nama a hannu, albasa na zubo masa a riga. "Wanke su na yi mana. Ka ga yadda suka fito? 'Yarmu za ta shiga tseren ƙarshe da tayoyi duk zanen alli kamar allon makaranta?"

Tayar tsere ba ta da zane, sulɓi ce, don haka ido ba ya gane tsufanta. Duk lokacin da ta yi zafi a filin tsere ta huce, Merv yakan ja mata layi ɗaya da alli. Huɗu daga cikin waɗannan layi uku-uku gare su. Sauran huɗun sun kai goma sha biyar, robarsu ta mutu, ya kawo su ne kawai don a jera a shingen fili. Yanzu ga su duk an yi musu wanka, kuma saura minti arba'in 'yarsa Narelle ta shiga mota.

"To auna raminsu mana," in ji Dudley.

Ya auna. Ƙananan ramukan da ake gane kaurin roba da su kusan ɗaya suke, domin tsohuwar taya in ta yi tauri ba ta cinyewa, zamewa kawai take yi. Abin da ke cin ransa ke nan. Akwai wata kwana a bayan rumfar tumaki da ake shiga ba a taɓa birki ba. In matacciyar taya ta faɗa gaba ta hagu, nan Narelle za ta bar hanya.

Narelle ta iso da hular kwano a hammata. Ta ji labari, ta dubi kawunta. "Kawu, kai dai in ka ce za ka taimaka sai mutum ya nemi wurin ɓuya." Sannan ta juya. "Ba komai. Baba, danna su ka faɗa mana."

Kowa a filin nan ya san babban yatsan Merv. Shekara talatin yana yi wa masu na'urar gwada taurin roba dariya, yana cewa tasa na'urar da ita aka haife shi. Ya durƙusa, ya danna farce a ta farko. Ya danna ta biyu. Ya bi duka takwas, ya dawo ya sake bi. Bai ji komai ba. Tun bara ciwon suga ya kashe masa yatsu, bai gaya wa kowa ba, allin nan shi ne ke rufa masa asiri. Tsoro ya kama shi, da kunya.

"Wannan sabuwa ce," ya ce. "A'a, tsaya. Waccan ce. Ko kuwa…"

"Merv, wannan ka ce sabuwa ɗazu, yanzu ka tura ta cikin tsofaffi," in ji Dudley.

"Rufe mana baki, sarkin wanki!"

Ƙudaje sun dame shi, lasifika na kiran motoci. Sai ya kamo hannun Narelle ba tare da ya dube ta ba, ya ɗora babban yatsanta kan roba. "Danna. Ki ƙirga uku, ki ɗaga. Shaidar farcen ta tsaya ko ta ɓace?"

"Ta tsaya kaɗan. Kamar tana riƙe ni."

"Wannan fa?"

"Wannan kamar tafin takalmi."

Haka suka bi su. Da suka gama, masu laushi biyar ne, masu tauri uku. Merv ya ƙirga, Dudley ya ƙirga, biyar dai. Ɗaya ƙarya take yi, ba su kuma san wacce ba. Narelle ta sake danna biyun da take shakka har farcenta ya yi fari, ta ce ita kam ta rasa gane su.

"Ɗauki ɗaya," in ji Merv. "Filin nan hannun dama ake juyawa, nauyi a hagu yake. A sa ta baya ta dama. In ita ce tsohuwar, za ki ji bayan motar na rawa tun zagayen farko, sai ki sassauta a kwanar rumfa. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Baba."

Zagaye goma sha biyu ya yi riƙe da wayar shinge, duk lokacin da motar ta ɓace bayan rumfar tumaki sai ya ƙura ido inda za ta ɓullo. Ta zo ta biyar. Har ta tsaya bai san ko sun dace ko Allah ne kawai ya kiyaye ba.

Ya ruga ya ɗora tafinsa kan tayar baya, yadda ya saba, ya bar shi a can. Narelle ta fito da sauri ta fizge hannun. Tafin ya yi ja, guntayen roba masu zafi sun manne masa.

"Baba, ƙonewa kake yi." Ta riƙe hannun tana cire robar ɗaya bayan ɗaya. "Tun bara na sani. Na ga yadda kake riƙe kofin shayi."

Merv ya laluba aljihu da ɗayan hannun, ya ciro guntun allin, ya miƙa mata. Ta durƙusa ta ja layi a gefen tayar.