Shekarar da Aka Hana Nutsar da Marzanna

Shekara talatin da ɗaya ke nan Pan Eustachy, wato Malam Eustachy a yarensu, shi ne mai ɗaura Marzanna, 'yar tsanar hunturu, a ƙauyensu. Da karan alkama yake yi mata jiki, ya sa mata tsohon siket da ɗankwali, ranar ashirin da ɗaya ga Maris jama'a su raka ta gada, a jefa ta kogi, sanyi ya bi ta. Shi dai bai taɓa shakka ba: in ba a nutsar da ita ba hunturu ba zai tafi ba, kuma ƙudan zumarsa, amya tara, ba za su kai labari ba. Bana ga dusar ƙanƙara har gwiwa. In ya kara kunne a jikin amya, da ƙyar yake jin motsinsu.

Sai ga wani littafi ya shigo gari. Wata marubuciya ce daga birni ta rubuta shi, labarin kogin da ya kai ƙarar mazan gari gaban alƙali, mata da kwaɗi suka tsaya masa shaida. Ƙungiyar matan ƙauye ta karance shi cikin mako guda. Bogumiła matar Eustachy ma har miyar kabeji ta ƙona garin karanta shi.

"Kai tsoho," in ji ta, "me Marzanna ta yi maka?"

"Ni? Ba komai. Sanyi take kawowa."

"Ka gan ta ta kawo?"

"Haka muka taras."

"Kowace shekara mace za a nutsar, maza na tafi! Siket ɗina nawa ke ƙasan kogin nan? Kifi ne zai sa su?"

A ransa Eustachy yana hango wani ƙaton kifi cikin siket mai furanni, har ya ga ya yi masa kyau. Amma bai faɗa ba.

Ranar ta zo. Ya saɓo Marzanna a kafaɗa ya nufi gada, sai ya tarar da mata goma sha huɗu, har da Bogumiła, sun tare hanya, shugabarsu Pani Wiesława, wato Malama Wiesława, a gaba, littafin a hammata. Suka karɓe Marzanna, suka zaunar da ita a kujera, wata ta lulluɓe ta da bargo.

"Pan Eustachy, mun yi ƙuri'a," in ji Wiesława. "Ba mace a ruwa."

"To, Pani, sai in ɗaura namiji! In yi masa gashin baki. Minti goma ya ishe ni."

"Shi ma shara ce a kogi," in ji Wiesława. "Shafi na tamanin da biyu ya hana."

"Ƙudan zumana fa? Su ma kusan duk mata ne, wallahi!"

Wannan ta sa su tsayawa. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, aka buɗe littafi, aka rufe. Can Wiesława ta juyo.

"Mun yarda a sa wani abu a ruwa. Amma sai abin da zai iya fitowa da ƙafarsa."

Eustachy ya waiga ko akwai agwagwa kusa. Babu. Da ya juyo, idanu ashirin da takwas na kansa.

"Haba, Bogumiła!"

"Ba ni takalmanka in riƙe maka, tsoho. Sababbi ne."

Ya tuna amya ta uku, wadda jiya bai ji komai a cikinta ba. Ya cire takalma, ya cire hula, ya gangara. Ruwan ya kama shi a ƙugu, ya kurma ihun da ya tashi hankaki daga rufin coci. Mata suka ɗauki waƙar korar sanyi, baiti bakwai, ba su tsallake ko ɗaya ba. Sannan aka jawo shi, aka ɗura masa shayi mai zafi da barasa.

Kwana uku yana kwance yana atishawa, rabin zuciyarsa na roƙon rana ta fito, rabi na roƙon kada ta fito, don ya san abin da zai biyo baya. Rana ta huɗu ƙanƙara ta soma narkewa, rufin gida ya fara ɗiga. Ya fita da bargo a ka, ya ga ƙudan zuma suna shawagi a bakin amya tara, har da ta ukun.

Da yamma Wiesława ta leƙo ta taga.

"Ya yi aiki, Pan Eustachy! Baɗi ma kai ne."

Ya koma ciki don ya ji ɗumi, ya tarar Marzanna na zaune a kujerarsa kusa da murhu. Bogumiła ta ce a bar ta, ta daɗe tana shan sanyi. Sai ya jawo bokiti ya kife, ya zauna gefenta.