Fentin da Zai Daɗe

Duk ma'aikatan tashar lantarkin nan suna tsine wa tokar kwal, ban da Dogo mai feshi. Shi kam da za a tona cikinsa, godiya yake yi mata. Toka ce ke bin bututan tukunyar tururi tana gurzarsu dare da rana, zafin wuta kuma yana ɗora musu tsatsa tana ɓarewa, har ƙarfe ya sirance. Sai a kashe wuta, a aika kamfanin su Dogo ya zo ya sake fesa musu rigar kariya. Da takardar wannan aikin kaɗai ake barinsa ya shigo ƙasar, kuma a nan 'yarsa take, wurin uwarta, tun da aurensu ya mutu.

Yarinyar sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Mamana yake ce mata. Shekara guda yake yi yana tara kewarta, ya zo ya sauke cikin 'yan makwanni.

Bana injiniyan tashar ya tarye su da murna, ya buga gwangwanin wani sabon garin ƙarfe.

"Wannan ba irin na da ba ne. In aka fesa shi daidai, sai mu shekara biyar ba mu ga fuskarku ba."

Kowa ya yi dariya. Dogo ma ya taya su, amma yana lissafin shekara biyar ba tare da ganin 'yarsa ba.

Suka shiga cikin tukunyar ta ƙofar da sai mutum ya rarrafa. Aka wanke bututan da feshin tsakuwa har suka yi kaushi, suka yi fari. Dogo ya rufe fuska, ya ɗauki bindigar feshi mai narka garin tana watsa shi jikin ƙarfe. Ƙararta ba ta barin mutum ya ji komai sai zuciyarsa, ita kuwa zuciya ba ta da kunya. Ta ce masa ya ja hannu baya kaɗan, kamar taƙi guda. Garin zai huce kafin ya isa, ya manne da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Na'urar awo kauri kawai take dubawa. Kafin baɗi iska ta sami hanya, tsatsa ta shiga ta ƙasa, a sake kiransu.

Ya ja hannun kuwa, ba a yi masa ƙarya ba. Ya yi layi ɗaya haka, ya fara na biyu.

Sai ya hango ƙasa ta tsakanin katakon da yake tsaye a kai, ya tuna da bayan bangon nan, inda masu duban tukunya ke zagayawa in wuta tana ci. Cikinsu har da mijin uwar yarinyar, mutumin da bai taɓa ɗaure masa fuska ba, shi ke kai ta makaranta. Dogo ya taɓa ganin abin da tururi ke yi wa mutum in bututu ya fashe. Ya kashe bindigar, ya kira mai tsakuwa.

"Kankare min wajen nan."

"Ai ya yi kyau, Dogo."

"Kankare dai."

Ranar tafiya 'yar tasa ta rako shi bakin titi, tana riƙe da hular kwanonsa da ta yi mata yawa. Ta yi tsawo, har ta fara jin kunyar riƙe masa hannu a gaban mutane. Ya dube ta yana so ya haddace fuskar, ya san ba ita zai tarar ba in ya dawo.

"Baba, Abban gida ya ce aikinka ya fi na kowa. Wai injiniya har shafa bututun yake yi."

"Haka ya ce?"

"Wallahi. To yaushe zai lalace?"

"Zai daɗe, Mamana."

"Har baɗi?"

"Ya wuce baɗi."

Ta juya hular a hannunta. Yarinya ce mai kai, ba ta bukatar a ƙarasa mata. Motar kamfani ta yi oda, abokan aiki suna leƙowa ta taga.

Ta miƙa masa hular, idonta a ƙasa.

"Da ka yi shi kamar na bara," in ji ta.