Fatar da Sahabi Ya Zaɓa

Da akwai mai lura a zauren Sahabi wanzami ranar da ɗansa Ibrah ya dawo Filinge, da ya gane wani abu zai ɓaci kafin watan ya mutu. Alamar tana cikin irin kallon da uban ya yi wa wata baƙar fata da ta fito daga zabirar ɗan.

Fatar wasa aska ce, ta sha hannu har tana ƙyalli. Ibrah ya saƙala madaukinta a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta ta miƙe, ya riƙa bin ta da aska sama da ƙasa. Sahabi ya kasa kunne. Ƙarar tana fita a hankali, babu karta ko kaɗan. Kunnen wanzami ba ya ruɗuwa, fatar ta gaske ce.

"Wa ya ba ka wagga?"

"Kawu Manzo, Baba. Da ita ya yaye ni."

Sahabi ya ce, "Madalla," ya tashi ya shiga gida kamar an kira shi.

A zamanin soja, shekarar da gero ya ƙone a ƙasar Kurfai har rumbuna suka zama wurin kwanan ƙadangaru, Sahabi ya ɗora yaron nan a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya tura shi Baleyara wajen Manzo, wan matarsa Dijatu. Shi ma Manzo wanzami ne, yana da rumfa kusa da kasuwar dabbobi, gidansa kuma bai rasa tuwo ba. An yi da shi cewa in damina ta yi kyau yaro zai dawo. Damina ta yi kyau, ta sake yin kyau, Manzo yana aiko cewa a bar shi ya ƙara koyo. Sai da sojoji suka tuɓe kaki, jam'iyyu suka cika gari da tutoci, sannan Ibrah ya dawo da gemu da zabirarsa.

Abin da ya fi cin Sahabi shi ne Ibrah ɗan farinsa ne. Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, don kunya. Sai dai "kai" ko "yaron nan". Manzo kuwa babu abin da ya hana shi. Ya kira sunan, ya ci tuwo da shi ƙwarya ɗaya, ya kama hannunsa ya ɗora a kan aska. Yanzu duk maganar da Ibrah zai yi sai Kawu ya shigo ciki. Kawu ya ce ba a jiƙa kan tsoho da ruwan sanyi. Kawu ba ya barin aska ta kwana da danshi. Sahabi yakan ji kowace kalma kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Wata rana ya ce wa Dijatu, tana tankaɗe a tsakar gida, "Wan naki shi ya ƙago wanzanci, ashe."

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Malam, shi ya ci da shi sa'ad da ba mu da ko dusa."

"Na ce bai ci da shi ba?"

"To mi kake so?"

Abin da Sahabi yake so ba ya faɗuwa a bakin uban ɗan fari.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan Magagi, babban manomin unguwarsu, wanda tun kakanni gidan su Sahabi ke yi wa gidansu aski. Magagi ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Askin sunan ga, bari ɗanka shi yi. Mu ga hannunshi, tunda shi za mu bar wa ɗiyanmu."

Sahabi ya yi godiya, kuma da gaske ya ji daɗi. Amma kafin ya kai gida daɗin ya gauraya. Ya hango zauren Magagi cike da mutane, ya hango ɗansa ya miƙe ƙafa ya saƙala baƙar fatar nan, wani ya tambaya ta wace ce, yaro ya buɗe baki a gaban unguwa duka ya ce ta Kawu Manzo ce. Tasa fatar kuwa ta tsufa, aska ta sare ta a tsakiya har an yi mata ɗinki. Ba abin da za a ba ɗa ba ne.

Sai ya nufi rumfar Hamani baduku a bakin kasuwa.

"A'a, sarkin ƙwarya," in ji Hamani, "yau kan wa ka bari rabi?"

"Naka nika jira, in Allah ya sa ka taɓa wanke shi. Fiddo mini fatun shanu, ba na awaki ba."

Hamani ya jawo su ya baza. Sahabi ya tsuguna. A nan dai babu mai koya masa komai. Ya ture wadda ke da tabon lalas, wato ƙunar ƙarfen shaida, don aska tana tuntuɓe a kan tabo. Ya ɗaga wata ya duba ta a rana, ya ga ƙananan ramukan da kaska ta bari, ya ajiye. Wata ya naɗe ta a yatsa, fuskarta ta yi tsattsage, ya ce wannan an yi mata rowar bagaruwa wajen jima. A ƙarshe ya tsaya a kan fatar wani sa mai kauri. Bai kula da gefen ciki ba, don fatar ciki tana saki, in an ja ta sai ta yi ta miƙewa kamar danƙo. Ya bi gadon bayan da tafin hannu, a hankali, idonsa a rufe.

"Nan za ka yanka mini. Daga doro zuwa ƙugu."

"Ka san fata, ɗan banza," in ji Hamani. "Wagga sai jikanka ya gaje ta. Yaushe kake so?"

"Kafin sunan gidan Magagi. Ka rina bakinta da ja, ka sa mata tuntu."

Hamani ya ajiye wuƙarsa. "Tuntu? Layya za ka kai ta ko biki? Sahabi, kai za ni gaya ma? A ƙasa anka shanya ta, rairayi na cikin jikinta. Sai an kankare ta da kwalba, ta sha kitse, ta sha tafin hannu, tsohuwar aska ta yi ta bin ta har ta kwanta. Ba aikin kwanakin ga ba ne."

"Na sani."

"To saurin mi kake?"

"Kai dai yanka."

Ya sani ɗin kuwa. Shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane cewa sabuwar fata kamar sabon jaki take, ba a ɗora mata kaya ranar da aka saye ta. Ya kawo ta gida ya ɓoye. Duk sanda Ibrah ya fita sai ya ɗauko ta ya goga mata kitse, ya murza har tafinsa ya yi zafi. Ta ɗan yi laushi, ta yi kyau ƙwarai, ja da ruwan ƙasa. Amma in ya bi ta da yatsa yana jin ɗan ƙaiƙayi a wasu wurare. Sai ya ce a ransa, ai ba a rasa ba, aska guda ce, kan jinjiri ne, gashin ma nawa yake.

Sau da yawa ya yi niyyar kiran yaron ya miƙa masa a hannu. Ya rasa ta inda zai fara. In ya ce "ungo", yaron zai tambaya me ya sami ta Kawu, shi kuma ba shi da amsar da ba za ta tona shi ba.

Ran suna da safe, Ibrah ya shiga wanka ya bar zabirarsa a zaure. Sahabi ya buɗe, ya zare baƙar fatar, ya cusa ta a cikin rufin zaure tsakanin kara da azara. Ya naɗe sabuwar ya sa a gurbinta, ya ɗaure zabirar yadda ya same ta.

An raɗa suna, an yanka rago, an raba goro. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar zauren Magagi. Wata tsohuwa, Haske, gwaggon Magagi, ta fito da jinjirin ta zauna ta rungume shi. Maza suka matso. Sahabi ya zauna a gefe kamar ba ruwansa.

Ibrah ya kwance zabira, ya sa hannu, ya tsaya. Ya fiddo fatar ya juya ta. Ya sake leƙa cikin zabirar. Sannan ya shafa fuskar fatar da babban yatsa, kuma Sahabi ya ga lokacin da yatsan ya ji abin da nasa ya ji. Yaron ya ɗago ya dubi ubansa. Sahabi ya dubi ƙasa.

"Kai, wagga fata ta yi kyau," in ji wani daga cikin maza. "Daga Baleyara?"

Ibrah ya ce, "Ta Baba ce."

Maganar ta shiga Sahabi kamar ruwan randa a tsakiyar rani. Shekaru yana jiran jin irinta.

Ibrah yana iya wasa askar a tafin hannunsa, kowane wanzami ya iya. Amma yin haka a gaban jama'a daidai yake da cewa fatar ubansa ba ta da kyau. Ya saƙala madaukin a yatsan ƙafa, ya ja, ya ɗora aska. Sahabi ya ji ƙarar. Akwai karta a ciki, siririya, wadda ba mai ji a wurin sai su biyu. Ya buɗe baki zai ce tsaya, sai ya ga idon mutane a kan jan tuntun, ya rufe.

Ibrah ya jiƙa kan jinjirin, ya yi bisimilla. Jan farko ya tafi lafiya. A na biyu askar ta kama gashi ta fizga, jinjirin ya zabura ya tsala kuka, bakin askar ya taɓa fatar kai a saman kunne. Jini ya fito, ɗan kaɗan, amma a kan jinjiri babu jini kaɗan.

Haske ta janye yaron ta rufe kan da hannu. "Wanga wane irin aski ne? Kan ɗan mutum ne ko ƙwaryar fura?"

Mata suka leƙo daga cikin gida. Wani ya ce, "Askin kasuwa ke nan. Can Baleyara kan masu shanu ya saba sara." Wani ya kama, "Manzo ai sauri ya iya, ba aski ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Magagi ya juyo. "Sahabi, taso ka gyara. Na gida na gida ne."

Sahabi ya taso. Ya fiddo askarsa da tsohuwar fatarsa mai ɗinki, ya danna wurin da auduga har jinin ya tsaya, ya ƙarasa askin sumul, jinjirin har ya yi barci a hannun tsohuwar. Ana ta sa masa albarka. Ana ta kushe Manzo. Abin da ya daɗe yana so ya ji ke nan, ga shi yana ji, amma a kan ɗansa ake taka kowace kalma. Ibrah yana durƙushe a gefe yana riƙe masa ƙoƙon ruwa. Kalma ɗaya daga bakin Sahabi ta isa ta wanke shi. Sahabi ya goge askarsa ya mayar cikin kube.

Suka dawo gida, uba a gaba, ɗa a baya da zabira biyu. A zaure Ibrah ya ajiye ta uban a inda take zama. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, inda bakin baƙar fatar ya ɗan leƙo tsakanin kara, ya daɗe yana kallo. Bai miƙa hannu ba.

"Baba, fatar gadon baya ce, ko?"

"Ita ce."

"An iya zaɓe."

Ya shige ciki wajen uwarsa.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, Sahabi ya dawo daga askin wani tsoho ya tarar Dijatu zaune a bakin murhu babu wuta.

"Ina yaron nan?"

"Ya bi kamyon hatsi."

"Ya ce mi?"

"Ya ce in gaishe ka." Ta dube shi. "Malam, da ka miƙa mishi a hannu, da ya jira ta har ta nuna. Shi ma ɗan wanzami ne."

Sahabi ya koma zaure. Ya miƙa hannu cikin rufi, baƙar fatar Manzo tana nan inda ya cusa ta, ta yi ƙura. Ya duba ƙusar bango, ya duba bayan tabarma, ya duba ko'ina. Sabuwar ce babu. Ibrah ya tafi da ita.

Ya kakkaɓe baƙar fatar ya rataye ta a ƙusa, a fili, inda duk mai shigowa zai gani. Tun ranar, in ya ji kamyo ya tsaya a tasha yakan sami dalilin bi ta wajen. Hamani ya ce masa sabuwar fatar nan in ta sami mai haƙuri, kafin kaka za ta kwanta ta fi ta kowa a Kurfai. Magagi kuwa bai sake ambaton Ibrah ba.

Ko yaron ya tafi da fatar ne don ya hore ta ya dawo da ita, ko don ya nuna wa kawunsa abin da aka yi masa, Sahabi bai sani ba. Bai kuma san ko zai dawo ba.