Tabon Kuncin Hagu

Auta ta riƙe hannun Baba suna hawa matakalar gidan baje kolin zane-zane, tana faɗa masa inda zai sa ƙafa. Tun da idonsa ya tafi ita ce sandarsa. Ita ce kuma ta matsa masa lamba har ya yarda aka kwaso aikinsa na shekara da shekaru aka kawo nan, wai za a karrama shi. Zanen fenti kam bai yi musu ba. Inda aka sha fama shi ne kan mutum-mutumin Mama, wanda ya sassaƙa da icen maɗaci a shekarar da ta rasu.

"Wata ɗaya ne fa, Baba," in ji ta a lokacin. "Ai ba cinye ta za su yi ba."

Zauren ya cika maƙil. Har maƙwabcin nan da ya daɗe yana kiransa mai gumaka ya ci ado ya zo, yana gaya wa 'yan jarida tare suka taso. Oh, duniya. Baba ko a jikinsa.

"Kai ni wurin uwarki," ya ce.

Tun daga nesa Auta ta hango an yi ɓarna. A gida, kullum safiya kafin ya karya sai ya shafa kuncin hagun Mama da babban yatsa ya gaishe ta, har wurin ya yi baƙi ya yi laushi kamar ƙotar tsohuwar fartanya. Yanzu babu tabon. An kankare shi tas, an bi fuskar da man sheƙi, sai ƙyalli take a ƙarƙashin fitila.

Shugaban gidan ya ƙaraso yana washe baki. "Hajiya, kin ga aiki ko? Dattin kuncin nan sai da ma'aikatanmu suka sha wuya kafin ya fita."

"Datti?" in ji Baba.

Auta ta ji kamar ta nutse. Haushin mutumin take ji, amma na kanta ya fi. Baba ya saki hannunta, ya miƙa nasa ta saman igiyar da aka gitta.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa…"

Harara ɗaya Auta ta watsa wa shugaban ya haɗiye sauran.

Yatsun Baba suka bi goshi, suka gangaro hanci, suka tsaya a kunci. Babban yatsan ya zame. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa.

"Sun yi mata wanka," ya ce a hankali.

Kuka ya ƙwace wa Auta a gaban mutane, ba ta ma damu ba. "Laifina ne, Baba. Mu ɗauke ta yanzu mu koma gida."

"Kin yi wa mutane alkawarin wata ɗaya. Uwarki ba ta taɓa saɓa alkawari ba, ba a kanta za a fara ba."

Ya goga yatsan a goshinsa ya ɗebo zufa, ya mayar daidai inda tabon yake a da, ya murza, ya ƙara murzawa.

"Kin tashi lafiya?" ya ce wa icen.

Ya ɗan jira, kamar yadda ya saba jira a gida. Sannan ya juya wajen da ya ji muryar shugaban.

"Malam, gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa?"